Motar da Aka Auna da Tef ɗin Tela

Duk wanda ya taɓa zama a layin da ke bayan tsohuwar tashar mota ya san dattijon da ake kira Sannu-Sannu. Sunan ya bi shi ne tun yana saurayi, lokacin da yake tuƙa a-kori-kurar wani kamfani mai sayar da kayan gini. Sauran direbobi sukan taso a bayansa, su wuce shi a hanya suna ɗaga masa hannu suna dariya, amma sau da yawa shi ne yake tsayawa ya ja su da igiya idan ya tarar da su a gefen titi sun buɗe bonet suna fifita da hula. A duk zamansa a kamfanin bai taɓa fasa gilashin taga ko ɗaya daga cikin kayan da aka ɗora masa ba, kuma wannan kaɗai ne abin da za ka ji yana yabon kansa a kai.

Mutum ne dogo, siriri, mai yawan tsabta. Ko a zamanin da yake wuni a hanya ba ka ganin baƙin mai a farcensa. Yana da wani ƙyalle mai aljihuna inda kowace sufana take da gidanta, daga ƙarama zuwa babba, kuma idan ka ari ɗaya ka mayar ba ka goge ba, to ka gama aro a wurinsa ke nan. Matarsa ce ta ɗinka masa ƙyallen. Ita gajeriya ce mai saurin magana, ɗinki ne sana'arta, shi ya sa kowa yake kiranta Tela, har shi mijin. Idan ranta yana da daɗi takan kira shi Direba, idan kuwa ya ɓata mata rai sai ya koma Baban yara.

Motar koriya ce, mai zagayayyun fitilu da hanci mai tudu, giyarta a jikin sitiyari take, kujerarta ɗaya ce doguwa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Irin motocin nan ne da ake yi a da, waɗanda idan ka rufe ƙofa sai maƙwabcinka ya san ka dawo. Da kamfani ya sayo sababbi, sai aka bar masa ita, da ita kuwa ya ci gaba da riƙe gida. Ta ɗauki kwanon rufi, ta ɗauki siminti da katako, ta ɗauki gadajen masu sauya gida da kujerunsu da tukwanen furanninsu. Saboda nauyin kaya ya riƙa ƙara mata ganyen sifirin a baya, wato ƙarafan nan masu faɗi da ake jerawa kan juna su riƙe nauyin mota, har ta kai idan babu kaya sai ta tsaya bayanta a sama kamar akuya mai shan ruwa a gangare.

Tsayin bai taɓa damun Tela ba a wancan lokaci. Duk ranar da za ta sayo yadi a babbar kasuwa, sai ta kama ƙofa da hannu ɗaya, ta yi tsalle ta faɗa kujera, ko da tana da ciki. A hanya ita ce mai magana, shi ne mai sauraro. A cikin motar nan suka shirya inda za su gina gida, a ciki suka yi faɗan da ba su so yara su ji, a ciki kuma suka shirya. Idan suna dawowa takan ɗora ƙunshin yadi a cinya, ta sa gwiwar hannu a taga, tana faɗa masa wanda ya yi ƙiba da wanda ya rame a cikin masu tafiya a ƙasa, domin idonta ba ya kallon mutum sai ya auna shi.

Yara suka girma suka watse, injin ya gaji, shi ma ya gaji. Aka tura motar ƙarƙashin bishiya a bayan gida, kaji suka mayar da ita wurin saka ƙwai. Ta daɗe a wurin, har ciyawa ta fito ta cikin bodi. Autansu ne ya tayar da maganar gyara ta. Auta a lokacin ba yaro ba ne, magidanci ne mai 'ya'ya da ɗan tumbi, yana aiki a kantin magani, amma tun yana ƙarami yake son motar. Shi da mahaifinsa suka bi ta sannu a hankali. Aka sauke injin aka sake shi, fanbita ya buge duk lotsawar da ke jikinta, mai walda ya cike inda tsatsa ta ci, aka nemo fenti kore irin na asali, ba mai haske ba, ba mai duhu ba. Abu ɗaya kawai suka saɓa a kai. Auta yana so a sauke ta ta kusanci ƙasa, a sa mata wili mai ƙyalli irin wanda yake gani a hotuna.

"Baba, haka ake yi wa irinsu yanzu. Wallahi idan ka gan ta a kwance sai ka ce sabuwa ce."

"Mota ce ko tabarma?" in ji Sannu-Sannu. "Yadda na san ta haka za ta tsaya."

Auta ya bar maganar, domin ya san idan tsohon ya faɗi magana da wannan murya, an rufe ta.

Ranar da motar ta dawo gida da ƙafarta, layin ya cika. Tela ta fito tana dogara bango, domin ciwon gwiwa ya daɗe da kama ta. Ta zagaya motar tana shafawa, ta leƙa fuskarta a madubi, ta ce ko ranar da ta fara ganinta ba ta yi wannan kyau ba. Sannu-Sannu ya buɗe mata ƙofa, ya ɗan rusuna kamar yadda yake yi wa manajan kamfani a da. Ta dubi kujerar, ta dubi ƙasa, sai ta ce ta bar tukunya a wuta. Washegari ta ce rana ta yi zafi. Bayan nan ta ce akwai rigar da za a zo karɓa.

Bai kawo komai a ransa ba sai wata safiya da yake aske gemu a bakin taga. Ya hango ta ta fito tsakar gida ita kaɗai, ta waiga dama da hagu, ta buɗe ƙofar motar a hankali don kada ta yi ƙara. Ta kama ƙofa da hannu ɗaya kamar yadda ta saba, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ba ta kai ba. Ta sauya ɗaya ƙafar, ta ciji leɓe, ta sake gwadawa. Sai ta tsaya tana numfashi, ta rufe ƙofar, ta sa gefen zanenta ta goge shatin hannunta daga jikin fenti, ta koma ciki.

Sannu-Sannu ya tsaya da kumfa a rabin fuska har ta bushe. A nan ne ya tuna rabon Tela da ta wuce ƙarshen layi an daɗe. Motar Auta ƙarama ce, idan ta shiga sai an haɗu an ciro ta, ita kuwa ba ta son a riƙa jan ta a gaban mutane, saboda haka ta daina zuwa ko'ina. Yadi ma aike take yi, a kawo mata abin da ba ta zaɓa ba, ta yi ta mita. Shi kuma duk wahalar da ya sha a kan motar nan, abin da yake hangowa shi ne su biyu a kujerar gaba, tana magana yana sauraro. In ba haka ba, me zai yi da a-kori-kura a shekarunsa? Siminti zai koma ɗauka?

Bai ce mata komai ba. A ganinsa, mutumin da ya goge shatin hannunsa ba ya son a san ya taɓa. Sai ya shiga lura da ita a ɓoye. Ya ga tana hawa dokin ƙofar kicin ba tare da ta dafa komai ba, amma matakalar shagon maƙwabci sai an miƙo mata hannu. Ya samo sanda, ya auna dokin ƙofar kicin, ya ƙara kaurin yatsa biyu, ya yanke. Sannan ya kira Auta a waya.

"Maganar nan taka ta sauke mota. Na sake tunani."

"Baba, kai ne kuwa? Ko wani ne ya ɗauki wayarka?"

"Kada ka cika ni da surutu. Ka zo ranar hutunka mu je wurin Mai Guduma."

Mai Guduma tsohon abokinsa ne, maƙerin sifirin, wanda garejinsa yake a bayan masu sayar da katako. Rumfa ce ta kwano, ƙasanta ya yi baƙi da tsohon mai, ganyen sifirin a jingine a bango tsayi-tsayi, maƙera a tsakiya a kan kututture. Ƙarar guduma ta cinye masa kunne, don haka ba ya magana sai da ihu.

"Sannu-Sannu! Ka iso yau, ko tun jiya ka taso?"

"Rage murya, ni kunnena lafiya lau. Sauke mini ita nake so ka yi."

"In yi me?"

"Ka sauke ta!"

Mai Guduma ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dubi Auta, ya dubi abokinsa. "Rabin rayuwata ina ƙara maka ganye kana cewa bai isa ba, bai isa ba. Yau kuma ni zan cire? Tsoho, sai ka sayi baƙin tabarau da sarƙar wuya ka cika saurayi."

Sannu-Sannu bai kula shi ba. Ya fito da sandansa, ya tsayar da shi a ƙasa a gefen ƙofar fasinja. "Daga ƙasa zuwa dokin ƙofar nan, tsayin sandan nan nake so."

Mai Guduma ya tsuguna ya duba, ya yi fito. "Wannan ai ba saukewa ba ce, binnewa ce. Wa ya ba ka wannan awo?"

"Ni na ba kaina."

Ko Auta da yake son abin sai da ya sosa ƙeya, amma murna ta hana shi tambaya. Mai Guduma ya yi aikinsa yadda ya iya. Ya kwance sifirin na baya, ya zare ganyen da aka ƙara tun zamanin siminti, ya wanke sauran ya shafa musu giris. Ya ɗora su a maƙera ya rage musu lanƙwasa da guduma, da sanyinsu, domin ya ce ƙarfen da aka gasa da wuta ya mutu ko da yana ƙyalli. Ya sa tubalin ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, wato sandar ƙarfen da take riƙe tayoyi. A gaba kuwa, inda sifirin ɗin murɗaɗɗe ne, Auta ya ce a yanke shi kawai, Mai Guduma ya ce in dai a rumfarsa ne ba za a yi wannan ɓarna ba, ya aika aka nemo gajeru, tare da shokozoba masu shanye girgiza daidai su. Da aka sauke jak, motar ta kwanta ta yi kyau, bayanta ya daidaita da gabanta. Sannu-Sannu ya kawo sanda. Saura kusan yatsa uku.

"Ni nan na tsaya," in ji Mai Guduma. "Sauran sai ka nema a wurin taya."

Shagon Mai Taya kuwa wili ne a rataye tun daga ƙasa har rufi, warin sabuwar roba ya cika ko'ina. Auta ya wuce kai tsaye wurin wanda ya daɗe yana hange, wili na alminiyam mai faɗi, mai yatsu biyar kamar tauraro, yana ɗaukar ido. Tayar da ake sa masa siririya ce, kamar kwallin da aka zizara a gefen ido. Sannu-Sannu ya ƙwanƙwasa ta da yatsa.

"Ita wannan, a ina iskar take zama?"

"Baba, tana ciki," in ji Mai Taya yana dariya. "Ita ake yayi. Tana kama titi kamar an liƙa."

A zuciyarsa Sannu-Sannu ya fi son wilinsa na asali, na ƙarfe, mai murfi zagayayye kamar faranti, da taya mai kauri wadda take haɗiye rami ba ka ji ba. Amma da aka jera su biyun a ƙasa, sai ya ga sabon, duk da girman ƙarfensa, ya fi tsohon gajarta idan an haɗa da taya. Ya kawo sanda ya gwada bambancin. Sannan ya ce a ɗaura. Mai Taya ya san shi tun da daɗewa, ya ce ya je ya gwada, in ba su yi masa ba ya dawo da su, in dai bai goge su a bakin kwata ba. Aka zuba tsofaffin a bodi.

Tun a hanyar gida ya san da matsala. Duk tsakuwar da taya ta taka sai ya ji ta a haƙoransa. Auta yana gefe bakinsa har kunne, yana ƙirga masu waiwaye, shi kuwa yana tunanin bayan Tela. Amma babbar kunyar tana jiran su a ƙofar gida. Akwai wani tudun siminti a bakin get, wanda shi da kansa ya gina don kada ruwan sama ya riƙa shigo musu daga titi. Tayoyin gaba suka hau suka sauka lafiya. Sai aka ji ƙuuu, motar ta tsaya cak, cikinta a kan tudu, salansa, wato bututun hayaƙi, ta maƙale. Ya sa giyar baya, ta ƙi. Ya sa ta gaba, ta ƙi.

Kafin ka ce me, layi ya taru. Mai shago ya leƙo yana cewa, "Baba, gajiya ta yi ta kwanta?" Wata maƙwabciya ta ce a kawo mata filo. Sai da aka samo katako aka cusa ƙarƙashin tayoyi, maza suka ɗaga baya, sannan ta shige tsakar gida tana jan salansa. Sannu-Sannu ya yi wa kowa godiya da fuskar da ba ta ba da damar ƙarin wasa ba. Auta ya ce yana da aiki, ya sulale.

Da yamma ta yi, rana ta sauka bayan bishiya, Tela ta fito ta sami mijinta zaune a baranda yana kallon motar. Sandan yana hannunta, ta ɗauko shi daga kan kujera.

"Baban yara, wannan fa? Na gan ka kwanaki kana bin ƙofar kicin da shi, na ce ko gara kake nema."

Ya juyo ya dube ta. "Na gan ki ranar nan da safe. Ina aski."

Ta zauna a kan doguwar kujerarta ta yanka yadi, wadda take ajiyewa a baranda. "Ka gan ni, shi ne ba ka ce komai ba."

"Ke ma ai ba ki ce ba."

"Ni kunya ta hana ni. Kai da yaro kun sha wahala, kun kawo mota tana ƙyalli, mutane sun taru, sai in ce ba zan iya shiga ba?" Ta juya sandan a hannunta. "To duk wannan abin kunyar da ka sha yau saboda ni ne?"

"Ki je ki gwada. Yanzu dokin ƙofar kusan daidai yake da na kicin."

Ta tashi ta je, ya bi ta. Ta buɗe ƙofa, ta dubi dokin, ta dafa kujera da tafin hannu ta danna. Sai ta fashe da dariya, irin dariyar da ya daɗe bai ji ba, har tana riƙe ƙofa.

"Direba, Direba. In na zauna a nan wa zai tashe ni? Ai ka mayar da ita motar Auta. Ni yanzu ba da ƙafa nake shiga wuri ba. Ranar nan ma wauta ce ta sa na gwada irin ta da. Juyawa nake yi in ba abu baya, in zauna, sannan in ɗebo ƙafafun da hannu ɗaya bayan ɗaya. Ba kai ne ka sa mini bulo a ƙafafun gado ba, don ya yi mini ƙasa? Ba ka ga kujerar da nake zama ba? Abin da ya dame ni tsayin mazauni ne. A da ya yi mini sama, yanzu ya yi mini ƙasa."

Ya tsaya yana kallonta, yana kallon kujerar.

"Duk zamana a kan keken ɗinki," ta ce, "ban taɓa yanka yadin mutum da awon ƙofar gidansa ba. Mutum ake aunawa. Shiga ka ɗauko mini tef, yana kan keke, da allin da ke cikin gwangwani."

Tun da motar ba za ta iya fita ba, Mai Guduma ne ya zo gida da jak biyu da kayan aikinsa a bayan babur. Auta ma ya zo, an gaya masa dalili, yana ta cewa, "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?" Ta ce masa ya matsa ya ba ta wuri, ba kuka aka kira shi ba.

"Matarmu!" in ji Mai Guduma da ihu. "Ashe ke ce mai motar! Da na sani da ban saurari wannan dogon ba!"

"Ai kai ba ka sauraron kowa, kunnen ma babu. Sa jak ɗinka."

Aka yi gwaji kamar na riga. Aka sa jak gaba da baya a gefen fasinja, Tela ta tsaya ta ba kujera baya, tana riƙe da ƙofa. Mai Guduma da Auta suna ɗagawa kaɗan-kaɗan, ita tana ba da umarni. "Ƙara. Ƙara dai. Tsaya. A'a, ya yi yawa, sai na yi ɗage. Sauke kaɗan." Ta zauna, ta tashi, ta sake zama, ta sake tashi ba tare da ta kama hannun kowa ba. "Nan ne." Ta miƙa wa mijinta kan tef ya danne a ƙasa da babban yatsa, ta ja zuwa bakin kujera, ta karanta, ta je ta zana layi da alli a jikin bango. Sannan ta ƙara wani ɗan layi a samansa.

"Wannan na mene ne?" in ji Auta.

"Sabon abu yana saki. Ko ba haka ba ne, Mai Guduma?"

"Haka ne! Sifirin yana zama bayan an ɗan taka shi! Matarmu, ki bar ɗinki ki zo rumfata!"

Awon nata ya faɗi tsakanin inda motar take a da da inda aka kai ta. Mai Guduma ya mayar da ganye ɗaya a kowane gefe, ya sauya tubalin da wanda bai kai shi kauri ba, ya ɗaure salansa ya ɗan matsar da ita sama. Sauran tsayin kuwa taya ce za ta cike shi, don haka maganar wili ta yanke kanta. Aka sauko da tsofaffin na ƙarfe daga bodi. Auta ya mayar da masu tauraro wurin Mai Taya ba tare da gardama ba, ya dawo da sababbin tayoyi masu kauri. Shi da kansa ya kankare wilin, ya fesa musu fenti ruwan madara, ya goge murafen har suna nuna fuska. Da aka ɗaura aka sauke jak, ya ja da baya ya daɗe yana kallo. Motar ba ta kwanta kamar ta hoto ba, ba ta kuma ɗaga baya kamar da ba. Ta zauna daidai, bakin bodi ya ɗan rufe saman taya.

"Baba," ya ce, "kada ka ce na faɗa, amma ta fi kyau haka."

"Ban ji ba. Zama da Mai Guduma ya taɓa mini kunne."

Ranar da za su fita, Tela ta sa rigar da ta ɗinka wa kanta ta ajiye ba ta taɓa sawa ba. Sannu-Sannu ya buɗe ƙofa ya koma gefe, ya sa hannuwansa a baya don kada su yi karambani. Ta juya, ta zauna, ta ɗebo ƙafar dama, ta ɗebo ta hagu, ta gyara zane, ta ja ƙofa da kanta ta rufe. Ya zagaya ya shiga, ya tayar da injin, ya bar shi ya ɗan yi ɗumi. Suka fita get ba abin da ya taɓa ƙasa.

A babbar kasuwa ya sami wuri kusa da layin masu yadi. Nan ne hankalinsa ya fi tashi, domin akwai mutane, kuma ya san halinta. Ta buɗe ƙofa, ta fitar da ƙafafu, ta zame kaɗan, sai ga ta tsaye. Ba wanda ya ko waiwaya. Ta shiga shaguna tana murza yadi tsakanin yatsu, tana faɗa wa masu shago cewa abin da suke aiko mata ko labule ba za a yi da shi ba, su kuwa suna ta murnar ganinta, suna jawo mata kujera tana cewa ta yi ƙasa. Shi yana biye da ita da ƙunshi a hammata.

A hanyar dawowa ta ɗora ƙunshin a cinya, ta sauke gilashi. Ta nuna masa inda aka rushe gidan sinima aka yi shaguna, ta ce mai gadin bankin can wandonsa ya yi masa gajarta, ta tambaye shi tun yaushe aka sa fitilar hanya a mahaɗar asibiti. Yana amsa mata wanda ya sani. Da suka iso kwanar layinsu ya kunna sigina, ya rage gudu.

"Ina za ka?" ta ce.

"Gida. Ko bayan bai gaji ba?"

"Wa ya ce maka na gaji? Wuce. An ce an yi sabuwar gada a bakin kogi, ni ban gan ta ba."

Ya kashe sigina, ya duba madubi, ya miƙe hanya.